Ta'aziyyar wani tsohon shugaban gidan gyaran hali a Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi ta'aziyyar wani bawan Allah da muka kai makwancinsa a makon jiya a nan cikin birnin Kano, mutumin da ya shafe shekara 35 yana aikin gidan yari, tun yana ƙaramin ganduroba har ya kai ga riƙe ɗaya daga cikin gidajen gyaran hali na jihar nan kafin ya yi ritaya. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda iyalansa sun tuna mini cewa ko da yana raye bai taɓa son a yayata shi ba, kuma waɗanda suka ci moriyar kirkinsa sun san wanda nake nufi.

Mun yi maƙwabtaka da shi fiye da shekara 20, kuma daga bakinsa na fara jin cewa kalmar "gidan yari" ta samo asali ne daga sarautar Yari, wato mai kula da kurkuku a ƙarƙashin sarki, aikin da ya ci gaba a zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, har zuwa 1968 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen yarin En'e da nata. Yakan yi maganar gidan Kurmawa, wanda aka gina tun 1910 kusa da fadar Sarki, cikin tausayi, domin a ganinsa ginin da aka tsara wa Kanon wancan zamani ba zai iya ɗaukar Kanon yau ba, kuma cunkoson da ke cikinsa da na Goron Dutse shi ne tushen yawancin cututtuka da rigingimun da ake fama da su.

Abin da ya fi ci masa rai, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne halin masu jiran shari'a. Sanannen abu ne cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, wasunsu ma sun daɗe fiye da wa'adin da za a ɗaure su da a ce an same su da laifin. Marigayin yana da wani littafi mai baƙin bango wanda yake rubuta sunan duk wanda ya daɗe ba a kira shi kotu ba, da ranar da aka kawo shi, da kotun da ta aiko shi. Da wannan littafi yake bin ofisoshi yana tambayar inda fayil ya maƙale, da shi kuma yake shirya sunayen da za a gabatar idan Babban Jojin jiha ya kawo ziyarar rage cunkoso. Dokar aikinsa ba ta tilasta masa wannan zirga-zirga ba. Tsare mutum aka ɗora masa, amma ya ƙi yarda a manta da ɗan Adam a hannunsa. Na san ɗan wata tsohuwa a unguwarmu wanda da ba don littafin nan ba, da uwarsa ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Idan azumi ya kama, yakan bi attajiran Kantin Kwari da na kasuwar Singa yana roƙonsu su biya tarar waɗanda ƴan dubban nairori kaɗai suka hana su komawa gida, kuma bai taɓa yarda kuɗin su biyo ta hannunsa ba, sai dai mai bayarwa ya aika a biya a kawo rasit. Wannan tsantseni ne ya sa ya yi ritaya a gidan da ya gada, ba mota sai tsohon babur.

Ya yi murna ƙwarai lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar 2019 wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sakin mai laifi bisa sharaɗi. Sai dai ya riƙa nanata cewa canza suna a jikin allo ba zai amfani kowa ba muddin ana ci gaba da tura ɓarawon akuya ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi, kuma muddin injinan ɗinki da kayan kafinta na koyar da sana'a suna zube babu gyara.

Ina ganin mu Kanawa ba mu yi wa gandurobobi adalci ba. Muna karrama soja da ɗan sanda, amma mai kwana a tsakanin ɗaruruwan fursunoni, cikin haɗarin da harin gidan yarin Kuje na Yulin 2022 ya nuna wa kowa, ko a taron biki ba a cika son a faɗi aikinsa ba. Saboda haka nake kira ga gwamnatin jiha, musamman tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali, da ta taimaka wa kotunanmu su riƙa amfani da hukuncin hidimar al'umma ga masu ƙananan laifuka, ta kuma ware rana guda a shekara da za a gayyaci tsofaffin jami'ai irinsa da iyalan waɗanda suka rasu a gode musu. Ga attajiran da ya saba ƙwanƙwasa wa ƙofa kuma, ina tuna musu cewa a azumi mai zuwa shi ba zai zo ba, amma masu tarar suna nan.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya bai wa iyalansa haƙurin rashinsa.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Mandawari, Kano.