A dawo mana da duba-gari kafin ruwa ya sauka

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili na yi magana a kan aikin ƙaramar hukuma, don wallahi mu nan cikin Kano abin ya fara kai mu bango. Ni ɗan tireda ne, shagona na bakin wata kwalbati, kuma tun bara kwatar nan a toshe take da ledar fiya wata da robobin lemo da ƙasa, ruwa ba ya wucewa sai dai ya kwanta ya yi kore, sauro kuwa ko da rana cizo yake. Daminar da ta wuce ruwa ɗaya aka yi da daddare, da asuba na zo na tarar ya shiga shagon har ya jiƙa min buhun sukari biyu da katan ɗin taliya, maƙwabcina tela kuwa da bokiti muka taya shi kwalfe ruwa daga ƙarƙashin kekensa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai rasit bai taɓa fashi ba. Kuɗin shago, kuɗin allon talla, kuɗin tsafta, duk muna biya, mai teburin tumatir ma sai ta yanki tikiti kafin ta yi cinikin farko. To ina aikin? Shara sai ka biya yaro mai baro ya kai bola, bolar kuma ta cika ta ci rabin titi, ruwan sha sai ɗan garuwa, makabartar unguwa da katangarta ta faɗi mu muka yi karo-karo muka tayar, matasa suka yi gayya.

Kuma fa ba alfarma muke roƙo ba. Tsarin mulkin 1999 ya jera aikin ƙaramar hukuma ƙarara a jadawali na huɗu, kwashe shara, kula da kasuwa da tasha da mayanka da makabarta da banɗakin jama'a, gyaran magudanan ruwa da fitilun titi, sa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da sa hannu a firamare da ƙananan asibitoci. Da can in ka je sakatariya da koke sai a ce maka kuɗin na asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha, hannunmu a ɗaure yake. To ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce babu batun kantoma, sai zaɓaɓɓe. Mu a Kano 44 gare mu. Saboda haka yanzu muna da bakin tambayar ciyaman da kansila nawa ya shigo kuma me aka yi da shi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, yadda zai shigo gida ya leƙa randa ya duba masai, in ya ga tsutsa a ruwa ko kwata a toshe sai tara, mata na jin an ce ga shi nan kowa sai ta ɗau tsintsiya. Ma'aikatan lafiyar muhalli har yau akwai su a ofis, ni dai shekara da shekaru ban ga ɗaya a layinmu ba. Mu ma da namu laifin, na yarda, da idona na ga masu juye kwandon shara a kwata in hadari ya taso wai ruwa ya tafi da ita, kuma irin waɗannan ai tarar ce maganinsu.

Don haka ina roƙon ciyamomi da kansilolinmu, a yashe kwatoci tun yanzu da rani, a kwashe abin da aka yaso kar a bar shi a bakin hanya ya koma ciki, a sa ranar zuwan motar shara kowa ya sani, a fito da duba-gari su zaga. Mu 'yan layinmu shebur da baro na nan a ajiye, mota kawai muke jira.

Na gode.

Naku mai karatu,
daga cikin birnin Kano