Shawara ga masu bin hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Akara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Hutun makaranta ya ƙarato, iyalai da dama za su ɗauki mota daga Legas zuwa Akara ta bakin teku. Tafiyar kimanin kilomita 460 ce, amma iyakoki uku ne ke cin lokaci: Seme (tsakanin Najeriya da Binin), Hilakonji (tsakanin Binin da Togo) da Aflawo (tsakanin Togo da Gana). A baro Legas da asuba, a kwana a Lome.

Kowa ya riƙe fasfo da katin allurar shawara, har yara. Ita mota tana buƙatar takardun mallaka na asali, da katin inshorar ECOWAS mai launin ruwan ƙasa, da takardar izinin shiga daga kwastan. Rashin katin shawara yana tsayar da mutane. A canji sefa (kuɗin Binin da Togo) da sidi (kuɗin Gana) tun a iyaka.

Kada a sayi man kwalba da ake jerawa a bakin titi a ƙasar Binin. Sau da yawa akwai ruwa ko datti a ciki, yana toshe filta. Iskar teku kuma gishiri gare ta, sai a wanke ƙarƙashin mota bayan an dawo, don gudun tsatsa.

Wajen garin Gran-Popo a ƙasar Binin ne hanyar ta fi kyau, ga itatuwan kwakwa ga kwale-kwalen masunta. Amma don Allah a hana yara shiga tekun nan. Igiyarsa tana jan mutum ciki, ko gwanin ninƙaya bai tsira ba.

Masallaci da abincin halal, a nemi zangon Hausawa a Kwatano ko Lome, ko unguwar Nima a Akara.

Naku,
Wasu direbobin dogon zango, Agege, Legas