Mijinta na dukanta da ciki, ta ce in rufa mata asiri

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina ɓangaren awo a wani ƙaramin asibiti a Jigawa. Akwai wata yarinya da ke zuwa wurina, ba ta wuce shekara 20 ba, cikinta wata 6. Ranar da na ɗaga hijabinta zan gwada jininta, sai ga shatin wayar wuta kwance a damtsenta. Ta ce a bakin rijiya ta faɗi. Uwar mijinta na zaune a gefe, dole na ja bakina.

Da ta dawo awo na shigar da ita ɗakin ciki ita kaɗai, nan ta fashe da kuka. Ashe cikinta na fari ma haurinta ya yi ya zube. Ta yi yaji, mahaifinta ya mayar da ita, aka ce ta yi haƙuri, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Yanzu jininta ya hau, ba ta barci, abinci sai an matsa mata. Ta riƙe hannuna ta ce don Allah kada in faɗa wa kowa, in ya ji sai ya hana ta zuwa asibitin gaba ɗaya.

Anti, ni dai ban yarda wannan sirrin gida ba ne. Ciwo ne, kuma mu ake kawo wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i, akasari daga mijinta ko saurayinta, kuma wadda ake duka ta fi shiga haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini. Amma mu sai dai mu wanke rauni, mu ba da maganin ƙarin jini, ta koma inda aka ji mata.

Na san da dokar VAPP ta 2015 wadda ta haramta dukan mata, ga Hisbah, ga mai unguwa. Tsorona kada in kai maganar, a kira shi a yi masa faɗa, ya koma gida ya huce a kanta.

Shin in karya amanarta saboda ranta da na abin da ke cikinta, ko in bi ta a hankali har ta yarda da kanta? Idan kuma zan nemi wani a danginta, wa ya kamata in fara tunkara, tunda uban ya riga ya mayar da ita?

Na gode, a huta lafiya.

Ƙanwarki,
wata ma'aikaciyar lafiya daga Jigawa