Wasiƙa daga Sakkwato kan halin jami'o'inmu

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Sakkwato sai godiya, in ban da zafin nan da ka sani.

Ka tambaye ni ko har yanzu malamin jami'a na iya faɗin abin da ke ransa. Yana iyawa, amma sai ya fara duba aljihunsa. Zamanin soja abin a fili yake. A 1988 gwamnatin Babangida ta kori Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), daga ƙasar, ta haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 1995 kuma Abacha ya ɗora wa ABU Janar Mamman Kontagora ya shugabance ta. Yanzu ba a turo soja, albashi ake riƙewa. Yajin aikin 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka ce ba aiki ba biya, sai ga manyan malamai suna bin 'yan kasuwa neman bashin hatsi. Wanda ya sha wannan, in ya ɗauki alƙalami sai ya yi ta auna kowace kalma.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne majalisar gudanarwa. Dokar 2003 ta ce ita ke naɗa shugaban jami'a, amma a Yunin 2023 aka rushe na jami'o'in tarayya gaba ɗaya, aka bar su kusan shekara babu. IPPIS dai, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya daga Abuja, an amince a cire mu daga cikinsa a Disambar 2023. Manhajar karatu kuwa, kashi 70 cikin ɗari hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke tsarawa daga Abuja, mu mu cike sauran 30.

Mu ma da namu, Malam. Da an zo zaɓen shugaba sai ka ji ana tambayar ɗan wane gari ne kafin a tambayi me ya rubuta.

Kuma a garin nan fa muke, inda babbar jami'a ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu, wanda a Magami ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa saurarensa.

Don Allah ka rubuto mini yadda ake naɗa shugaban jami'a a can wurinku, da wanda ke biyan albashi. A gaishe da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini