Likita, ba duk ciwon mara ne sanyi ba: ina neman shawararka

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na wannan shiri, ina rubuto maka ne daga wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ta jihar Gombe, kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa.

A nan, duk wanda ya ji raɗaɗi wajen fitsari ko nauyi a mara sai ya ce sanyi ne, ya wuce kemis a haɗa masa Ampiclox da Septrin ko Cipro na kwana biyu, gwargwadon kuɗin aljihunsa. Kafin ya iso asibiti ya sha magani kala-kala, ciwon kuma yana nan.

Ciwon mafitsara na mata ya fi sauƙin ganewa. Mafi yawa ƙwayar cutar E. coli ce daga bayan gida, tana shiga cikin sauri saboda hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kimanin santimita 4, ta namiji kuwa ta kai 20. Ana karɓar fitsarin tsakiya a kwalba mai tsabta a tsoma tsinken gwaji, idan ya nuna alama a ba da Nitrofurantoin na kwana 5, ban da mai cikin da ta kusa haihuwa. Idan zazzaɓi da ciwon kwiɓi sun biyo baya, cutar ta hau ƙoda, wannan maganin ba ya isa can, sai a tura ta gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsargiya. Yara na wanka a bakin ruwa, manoman rani da masu shinkafa suna wuni ƙafarsu a cikin magudanar ban ruwa, mata na wanki a gaɓa. Tsutsar tana fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta kuma su maƙale a bangon mafitsarar. Su ne ke kawo ɗigon jinin nan na ƙarshen fitsari, wanda har yanzu wasu iyaye ke ɗauka alamar balagar yaro ce. Fitsarin da za a duba a madubin awo, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ake so, lokacin ne ƙwayayen suka fi fita; na asuba yakan sa a ce babu komai alhali akwai. Maganin kuwa Praziquantel ne, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, wato yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu, babba mai kilo 60 ƙwaya huɗu, kuma a kan abinci, don da yunwa yana kawo jiri da tashin zuciya har mutum ya rantse ba zai ƙara sha ba.

Ga inda nake neman haske. Maganin ba ya kashe tsutsar da ba ta gama girma ba, manomi kuma washegari zai koma cikin ruwan, don a nan abincinsa yake. Shin ka fi ganin a maimaita masa bayan 'yan makonni, ko a jira rabon maganin da ake yi sau ɗaya a shekara? Sannan akwai magidanta da suka haura 40, sun yi shekaru da tsargiya, jini ya tsaya bayan magani amma ciwon mara da yawan fitsari ba su tafi ba. Na san daɗewar ƙwayayen na taurara bangon mafitsara ya rage abin da take ɗauka, yana toshe bututun da ke saukowa daga ƙoda, yana kuma iya kaiwa ga ciwon daji. Wa za a fara turawa a yi masa hoton ciki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe? Kuɗin mota da na hoton ba kowa ke iya haɗa su ba, shi ya sa nake son ka faɗi alamomin da ba a jira da su. A ganina babban mutum mai jini a fitsari ba tare da zafi ba, ko mai fitar da gudaji yana ramewa, bai kamata a tsaya gwada masa wani magani ba. Ko akwai ƙari?

Matan bakin ruwa ma na cikin wannan. Tsargiya na taɓa gaban mace, ta kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da jini bayan saduwa, sai a yi ta ba ta maganin sanyi, wani lokaci har zargi ya shiga tsakaninta da maigidanta a kan abin da ba ta aikata ba. Inda babu kayan duba bakin mahaifa, ya dace a ba irin wannan mace Praziquantel bisa tarihin shiga ruwa kawai?

Sai dattawa masu kumburin furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Fitsari na fita da ƙyar, suna tashi sau da yawa cikin dare, rana ɗaya kuma ya tsaya cak, galibi bayan shan maganin mura mai Piriton ko bayan shan Tramadol. Ana sa robar fitsari lamba 16 a samu sauƙi nan take, amma da yawa sukan bar ta wata uku, ta toshe da tsakuwa, fitsari na bin gefenta. Ta roba zalla bai kamata ta wuce mako huɗu ba, ta silikon ce ke daɗewa. Idan an fara ba da maganin furostet Tamsulosin miligiram 0.4, kwana nawa za a jira kafin a gwada cire robar, kuma ana iya gwadawa a ƙaramin asibiti irin namu? Ina tambaya ne don dattijo kan ji kunyar jakar fitsarin har ya daina zuwa jam'i.

Don Allah, Likita, idan za ka amsa, ka yi ranar da masu kemis za su ji, domin wurinsu ake fara zuwa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naka,
Ma'aikacin lafiya daga yankin Dadin Kowa, jihar Gombe.