Zuwa ga Yaya a Tawa, kan ƙaiƙayin da ya tona mini ciwon jini

Burusel, daren Lahadi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Ya kuke fama da hunturun bana? Auta ya ce mini ƙura ta lulluɓe gari kwana uku ba a ga rana sosai ba. Mu ma nan sanyi ne, ƙarfe 5 na yamma duhu ya riga ya shigo.

Na ga gara in rubuto miki da in yi ta turo saƙon murya a WhatsApp, don maganar doguwa ce, kuma akwai wuraren da nake so ki nuna wa likita ya gani da idonsa. Ki fara karantawa ke kaɗai, sannan ki zaɓi abin da za ki gaya wa Inna.

Yaya, na fi shekara ba ni da lafiya, na ɓoye muku. Ki yafe mini. Duk sanda kika ce muryata ta sake, sai in ce aiki ne. Yanzu alhamdulillahi an gano ciwon, ina kan magani, na samu sauƙi ƙwarai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin abin da aka gano a jikina ya sa hankalina ya koma kan Inna.

Da ƙaiƙayi ya faro. A ƙwauri da damatsa, galibi da dare in na dawo daga siton da nake aikin loda kaya. Ba ƙurji, ba kumburi, fata lafiya lau a ido, amma sai in ji kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashinta. In yi ta susa har farce ya bar farin zane, wani lokaci in tashi da safe in ga ɗigon jini a zanen gado. Na ɗora laifin a kan ruwan famfon nan, wanda ke barin farin ɓawo a cikin butar shayi, da na'urar ɗumama ɗaki mai busar da fata. Na sake sabulu, na shafe man kaɗen da kika aiko mini tas. Abokan zamana suka ce ko ƙazuwa ce, muka wanke kayan shimfiɗa da tafasasshen ruwa, alhali mu huɗu ne a gidan, ni kaɗai ke susa.

Daga nan sai kasala. Benenmu hawa uku ne, kafin in kai ƙofa ina haki, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Harshena ya yi ja, ya yi sumul kamar an goge shi, yajin kilishin da kika aiko na kasa ci, shayi ma ƙuna yake mini. Gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi fiye da sauran hannun. Furfura ta fito mini a gemu, ni da ban cika 40 ba. Abin da ya tsorata ni shi ne ƙafa. Tafin ƙafata ya zama kamar na sa safa alhali ban sa ba, in ina alwala ba na jin sanyin ruwa a yatsu yadda ya kamata, kuma wata asuba ina tsaye a salla na lumshe ido sai na ji ina tangaɗi, har na dafa bango.

Zuwana na farko wurin likita, ƙaiƙayin kaɗai na faɗa, aka ba ni man shafawa. A zuwa na biyu na zayyana komai. Matar ta sa na fito da harshe, ta ja fatar idona ta duba, sannan ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ta buga shi ya kama kaɗawa, ta ɗora mini a idon sawu. Ta ce me nake ji? Ban ji komai ba. Ta ɗora a gwiwar hannu, nan na ji yana zizza. A ranar aka ɗebi jinina. Bayan an ga sakamako aka sake wani awon, aka kuma zura mini siririyar kyamara ta baki aka leƙa tumbi.

Sunan ciwon cutar Biermer. Ki rubuta shi haka, likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci da wannan sunan suka san shi. Sunan wani likita ne Bajamushe, Anton Biermer, da ya bayyana cutar wajen shekarar 1872. Ƙarancin jini ne, amma ba irin wanda muka saba gani ba na zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki ko haihuwa.

Ga yadda aka fahimtar da ni. Akwai bitamin da ake kira B12, yana cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Hatsi, dawa da wake ba su da shi. Abin da babba ke buƙata a yini bai wuce mikrogiram 2 da rabi ba, ƙanƙanin da ido ba ya gani, amma da shi ɓargo ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da shi kuma jijiyoyi ke gyara rigar da ta lulluɓe su. Sai dai wannan bitamin ba ya shiga jini shi kaɗai. Tumbi ne ke fitar da wani sinadari da zai kama shi, ya yi masa rakiya har ƙarshen ƙaramin hanji, a nan jiki ke karɓar sa. To ni, garkuwar jikina ce ta juya ta far wa bangon tumbina da wannan ɗan rakiyar. Don haka ko rago guda zan cinye, bitamin ɗin wucewa yake yi. Hanta tana da ajiyar da za ta kai shekara 3 zuwa 5, shi ya sa ciwon ke shigowa a hankali kamar ɓarawo, mutum bai san yaushe ya fara ba. Likitar ta ce a da can kisa yake yi. Sai a 1926 wasu likitoci biyu a Amurka, Minot da Murphy, suka gano cewa in aka ɗora maras lafiya kan cin hanta mai yawa kullum yana tashi, domin ɗan kaɗan na ratsawa ko ba ɗan rakiya. An ba su lambar Nobel a 1934, kuma a 1948 aka tace bitamin ɗin kansa. Da na ji haka na yi wa Allah godiya da ya sa na zo a wannan zamani.

Na tambaye ta batun ƙaiƙayin, domin shi ya fi hana ni barci. Ba ta yi mini rufa-rufa ba. Ta ce mutane da yawa suna da wannan cuta ba sa susa ko kaɗan, kuma yawancin masu ƙaiƙayi ba su da ita. Amma akwai hanyoyin da su biyun ke haɗuwa. Jijiyar da ta rasa B12 tana aika saƙon ƙarya, mutum ya ji minjirya, ko tsira kamar ta allura, ko tafiyar kiyashi, ya kai hannu ya sosa alhali ba abin da ke kan fatar. Nawa mafi yawansa wannan ne, shi ya sa duk man da na shafa bai yi komai ba. Sannan tumbin da ya lalace ba ya fitar da ruwan tsami isasshe, sai sinadarin ƙarfe ma ya kasa shiga jini, kuma ƙarancinsa kaɗai yana kawo ƙaiƙayi da bushewar fata. An tarar ni ma ina da wannan. Abu na ƙarshe shi ya fi sa ni tunani. Garkuwar jikin da ta saba faɗa da mai ita ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba. Takan taɓa ƙullin nan na wuya wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, kuma ciwonsa na busar da fata ya sa ƙaiƙayi. Takan kawo borin jini mai dawowa. Takan kuma kashe launin fata wuri-wuri ya koma fari fat, abin da suke kira bitiligo. Baƙin gaɓoɓin yatsu kuwa da furfurar wuri, alamun rashin B12 ne, kuma baƙin gaɓoɓin an fi ganin sa a jikinmu mu baƙar fata.

Maganin allura ce, wani ruwa ja wur a cikin ƴar kwalba, mikrogiram 1,000. Da farko a kai a kai, yanzu sau ɗaya a wata, kuma har ƙarshen rayuwata. Cikin mako 2 na ji ƙarfi ya dawo, harshe ya warke, wajen wata 2 jinin ya cika. Ƙaiƙayin ya fi jinkiri, amma yanzu ina barci. Yatsun ƙafata biyu har yau ba su gama dawowa ba. An ce jijiya in ta daɗe cikin rashi, ba lalle ta koma yadda take ba. Wannan jinkirin da na yi shi nake tsoron a yi da Inna.

Da likitar ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, domin yakan bi jini kuma ya fi kama waɗanda suka manyanta, sai zuwana gida na bara waccan ya faɗo mini. Kin tuna Inna zaune a tabarma bayan isha tana susar ƙwauri da ɓawon masara? Kin tuna ta daina cin miya mai yaji, ta ce harshenta ne? Ta ce mini ƙafafunta sun yi nauyi kamar na aro, takalminta na saɓule mata ba ta sani ba. Ga farin tabon nan na bayan hannunta da take rufewa da lalle don kada a ce albaras ne. Ke da kanki kika ce mini mantuwa ta yi mata yawa, muka ce tsufa ne. Ban ce ciwona gare ta ba, Yaya, ni ba likita ba ne. Amma kamar ta yi yawa, ba zan iya yin shiru ba.

Na turo kuɗi jiya ta hannun Auta. Don Allah cikin makon nan ki kai ta babban asibitin jiha nan Tawa. Ki faɗi komai tare, kada ki tsaya kan ƙaiƙayi kaɗai kamar yadda na yi: harshe, ƙafa, mantuwa, tabo. Ki ce ɗanta na cikinta an same shi da cutar Biermer. Ki roƙi a yi mata awon jinin da ake kira NFS, kuma in takardar ta fito ki dubi layin da aka rubuta VGM, girman ƙwayoyin jini ke nan. In ya haura 100 alama ce. In bai haura ba ma kada a tsaya nan, don ƙarancin ƙarfe na iya ɓoye shi, sai an auna B12 ɗin kansa. In aka ce sai Yamai, ku tafi, ko a aika jinin. Na san daga Tawa zuwa Yamai ta Konni da Doso da nisa ga tsohuwa, ya haura kilomita 500, amma ku sauka wurin Gwaggo ku huta, ni zan ɗauki nauyi.

Farin tabon ma a duba shi da kyau. Ki taɓa wurin da auduga idonta a rufe. Tabon bitiligo yana jin taɓi, ba ya yaɗuwa ga kowa, ba abin ƙyama ba ne. Tabon da ba ya jin taɓi shi ne ake zargin kuturta, ita ma tana warkewa da magani. Ko wanne ne, gara a sani.

Abin da nake roƙon ki da babbar murya: kafin a yi awon, kada ki saya mata maganin ƙarin jini wurin masu tallar ƙwayoyi a faranti. Yawancinsu akwai sinadarin folik a ciki, irin wanda ake ba mata masu ciki. Shi yana iya gyara jinin a takarda, ido ya yi ja, kowa ya ce an samu sauƙi, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Man shafawar nan mai kashe ƙaiƙayi nan take shi ma a bar shi, yana sirantar da fata. Kuma Kawu zai ce a kira wanzami a yi mata ƙaho a fitar da mugun jini. Ki lallashe shi cikin ladabi, ki ce ni na roƙa, wanda jininsa ya yi kaɗan ba a rage masa. Addu'a kuwa a ci gaba da yi mata, mu ma muna yi. Ki kai wa likita duk ƙwayoyin da take sha a leda ɗaya, musamman na gyambon ciki da ta daɗe a kai, domin masu rage tsamin tumbi suna rage shigar B12, haka ma maganin ciwon sukari da ake kira metformin.

Kada kuma ƙaiƙayi ya sa ki ɗaga hankali a kan kowa a gidan. Kin tuna yadda marigayi Baba ke kwana susa duk sanda ya sha nibakin, maganin zazzaɓin cizon sauro, wannan halin maganin ne ga da yawa daga cikinmu. Yara in suna susa tsakanin yatsu da dare, su biyu ko uku lokaci ɗaya, ƙazuwa ce, gida duka ake yi wa magani. Hunturu ma na tsattsage fata. Ciwon hanta, ƙoda da sukari duk suna sa ƙaiƙayi, likita zai duba su. A yanzu dai ki sa a rage mata wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulun wanki, a shafa mata man kaɗe jiki na da danshi, a yanke mata farce. Nono da ƙwai da ɗan nama kada su yanke mata, ko da yake in ciwon irin nawa ne abinci kaɗai ba zai wadatar ba, sai allurar.

Ke ma, Yaya, tun da ciki ɗaya muka fito, in kin je ki ba da naki jinin a auna. Kin daɗe kina cewa jiri na ɗibar ki in kin tashi daga bakin murhu.

In takardar awon ta fito ki ɗauke ta hoto ki turo mini, zan nuna wa likitata ranar allurata ta wata mai zuwa. Ki gaya wa Inna ina lafiya, ina cin abinci, ina zuwa aiki, kuma in Allah ya yarda da babbar salla ina gida. Ki gaishe da maigidanki, da Kawu, da Gwaggo in kun yi waya, da Auta da yara duka. In an samu mai zuwa, ki aiko mini da man kaɗe da yajin kilishi, yanzu ina iya ci.

Wassalam,
Ƙanenki