Muryoyin sun lafa amma tunanin bai dawo ba

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni fili in yi magana kan taɓin hankalin nan da likitoci ke ce wa sikizofireniya, musamman irin wanda ba ya jin magani. Ni ba likita ba ce, jinya ce ta koya min.

Ƙa'idar ita ce in an gwada magani kala biyu, kowanne aƙalla sati 6 ana sha yadda ya kamata, amma har yanzu mutum na jin ana masa magana a kunne ko yana zargin an sa masa guba a tuwo, to sai a duba batun wani magani da ake ce wa clozapine. Wajen ɗaya cikin uku na masu ciwon haka nasu yake. Amma mu abin da muka gani sai ƙarin magani ake ta yi, ga haloperidol ga Largactil ga allura, jiki ya sandare hannu na rawa sai a ɗora Artane, shi kuma Artane ɗin nan mantuwa yake ƙarawa, ba wanda ya gaya mana.

Ƙanena da nake jinya tela ne. Da aka koma clozapine muryoyin sun lafa alhamdulillahi, ya daina toshe taga da tsumma, amma wallahi zai auna kafaɗar mutum kafin ya ɗau biro ya manta lambar, dangi kuma sai cewa suke ai ya warke lalaci ne kawai. Ba lalaci ba ne jama'a! Shi kansa ciwon yana cin tunani da maida hankali, kuma maganin kaɗan yake taɓukawa a wannan ɓangaren, ga barci da yake sawa, ga yawu har filo ya jiƙe, ga ƙiba, ga ciki ya ɗaure. Sai da haƙuri ana ba shi ƙaramin aiki, yau maɓalli gobe kalmasa.

Kuma clozapine ba maganin da za a saya a kemis a sha kai tsaye ba ne, yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, shi ya sa da farko duk sati ake gwajin jini, zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro kuwa sai asibiti nan take. In aka tsallake sama da kwana biyu ba a sha ba, likita ne zai sake faro shi daga ƙasa.

To kuɗin gwajin nan da na mota su ke karya talaka. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, muna roƙon gwamnatin Filato ta ɗauke mana ko da kuɗin gwajin jinin ne.

Daga wata mai jinya, Gangare, Jos